Kujera ta Biyar a Kogin Harlem

St. George, Staten Island
20 ga Fabrairu, 1994

Zuwa ga yayana Hezekiya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kana lafiya, kai da Maman Bege da dukan mutanen Kafanchan. Mu nan sai godiya, in ban da sanyin bana da ya fi na kowace shekara tun zuwana ƙasar nan.

Yaya, ba na son kawo ƙara, amma 'yarka ce, kuma a hannuna ka sa ta. Shekara uku da rabi ke nan ina haƙuri da wannan tseren kwale-kwale da Bege ta shiga a jami'a. Da farko na ɗauka ɗokin sabon shiga ne, za ta gaji ta bari. Ba ta bari ba. Mata takwas ne suke zama a jere cikin wani siririn jirgi, sun juya wa inda za su baya, suna ta jan filafili har numfashinsu ya ɗauke. Ba kifi suke kamawa ba, ba fasinja suke ƙetarwa ba. Kuma ban taɓa jin an ce sun ci wani abin a zo a gani ba.

Lokacin da take wurina, sai ta hau feri ta ƙetare zuwa Manhattan, ta hau jirgin ƙasa tun daga wannan ƙarshen gari har wancan, duk don ta isa bakin kogi ƙarfe shida na safe. Na ce wahalar ta yi yawa, ki bari. Maimakon ta bar jirgin, ni ta bari. Bayan Kirsimeti ta kwashe kayanta ta koma Grand Concourse a Bronx, gidan wata 'yar Gana mai suna Hajiya Sauda, wadda ke sayar da atamfa a 125th Street. 'Yar matar, Nimatu, ita ma tana cikin masu tuƙin, kuma Bege ce ta ja ta ciki. Ban ce matar tana da wani aibu ba, ban ma taɓa sa ta a ido ba. Amma ina raye a garin nan 'yar yayana ta tare a gidan bare?

Ranar Lahadin da ta wuce ta zo sujada, karo na farko cikin wata guda. Da ta miƙa wa matar fasto hannu sai da matar ta kalle ni. Tafin hannunta duk kanta da bororo, ko mai faskare bai kai ta ba. Ana cikin wa'azi ta yi barci a kafaɗata.

Watan Mayu za ta gama. Kamata ya yi a ce hankalinta yana kan karatun haɗa magunguna da za ta ci gaba da shi. Ni na yi magana har na gaji. Kai take jin maganarka, ka rubuto mata.

Ƙanwarka,
Hosanna

Grand Concourse, Bronx
6 ga Maris, 1994

Babana,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Mama. Ya ƙafarta? Ina fata ta daina zuwa gona da ita a haka.

Na san Goggo Hosanna ta rubuto maka, don ita da kanta ta faɗa mini. Duk abin da ta ce gaskiya ne, har barcin cikin coci. Bari dai in ba ka nawa ɓangaren.

Ban bar gidanta don raini ba. Daga St. George zuwa rumfar jiragenmu awa biyu ne. Daga nan minti ashirin da biyar. Hajiya Sauda tana riƙe da ni kamar 'yarta, ɗaki ɗaya muke kwana da Nimatu. Hausarsu ta Kumasi ce, mace da namiji duk "kai" ne a wurinta. Kullum da yamma za ka ji ta daga kicin: "Kai Bege, zo ka ci, ka rame!" Nimatu kuwa a nan aka haife ta, tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa.

Ga yadda wasan yake. Mu takwas ne masu tuƙi, kowa da filafili ɗaya, sai wata 'yar siririya a wutsiyar jirgi tana riƙe da igiyar juya shi, ita kaɗai ke ganin gaba, ita ke mana ihu. Tseren mita dubu biyu ne, wajen minti bakwai. Ni ce a kujera ta biyar, tsakiyar jirgi, inda ake sa masu ƙarfi. Idan mutum ɗaya ya riga sauran ko ya makara da ƙiftawar ido, duk jirgin yana ji. Kai da ka yi shekaru kana tuƙa jirgin ƙasa, ka san yadda tarago ɗaya ke wahalar da sauran.

Bana kogin Harlem ya daɗe da ƙanƙara, sai makon jiya muka koma ruwa. Da safe ruwan da ya fantsamo yana daskarewa a bayan rigarmu. Mu gama, mu ɗauki jirgi a ka mu mayar, in ruga aji da ƙarfe tara da warin kogi a jikina. Ba zan ɓoye maka ba, Baba, na gaji. Akwai safiyar da nake zama a bakin gado da safa ɗaya a hannu, in daɗe ban sa ta ba.

To me ya sa ban bari ba? Akwai wata jami'a da muke tsere da ita kowace shekara a kan kofi. Shekara tara rabonmu da shi. Sau uku ina cikin jirgin aka doke mu, bara da tazarar da ba ta kai tsawon hannuna ba. Bana an ce mun fi su. Ranar 30 ga Afrilu za a yi, kuma shi ne na ƙarshe gare ni a kogin nan. Tun ina shekarar farko, lokacin da ban san kowa ba, ba na ma gane maganar malamai, a jirgin nan ne kawai aka nemi in zo, aka kuma lura idan ban zo ba. Ina so in ci sau ɗaya tare da su, sannan in ajiye filafili har abada.

Karatu yana tafiya daidai, ban faɗi komai ba. Ka ba ni wata biyu kawai.

'Yarka,
Bege

Kafanchan
27 ga Maris, 1994

Zuwa ga 'yata Bege,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da ke cewa wasiƙarki da ta goggonki sun iso a mako guda. Muna lafiya. Ƙafar mahaifiyarki da sauƙi, amma gona ba ta daina ba, kin san ta.

Na karanta duka biyun a tsanake. Goggonki tana da gaskiya a kan abu ɗaya: ba a barin gidan babba ba tare da an zauna an yi sallama yadda ya kamata ba. Ki je ki ba ta haƙuri, ki riƙa leƙa ta. Ita ta riƙe ki lokacin da ba ki san hagu da dama ba a ƙasar.

Game da tseren, ban hana ki ba. Aikin da aka fara da mutane, da mutane ake gama shi. Na rubuta wa goggonki haka, na kuma roƙe ta ta je ta gani da idonta ranar talatin ga wata, tun da ni ba zan iya ba.

Abu ɗaya ya ɗaure mini kai. Kin ce duk kun juya wa gaba baya, mutum ɗaya ce ke gani. Na yi shekara ashirin da shida a kan inji, ban taɓa tafiya da idon wani ba sai da dole. Lallai kun yarda da juna ƙwarai.

Ki gaishe mini da Hajiya Sauda, ki ce na gode da riƙon da take yi miki. Allah ya sāka mata. Muna yi miki barka da Ista tun yanzu.

Mahaifinki,
Hezekiya

Grand Concourse, Bronx
12 ga Afrilu, 1994

Babana,

Ina gaishe ku duka. Wasiƙarka ta zo jiya. Na je wurin Goggo ranar Ista tun kafin ka faɗa, mun shirya, ta cika mini jaka da dambun nama.

Abin da zan faɗa maka, don Allah ya tsaya tsakaninmu. Kada Mama ta ji, kada Goggo ta ji, musamman Goggo, tun da nas ce.

Nimatu ta yi ƙarfi sosai bana. Shekararta ta biyu ke nan, a jirgi na biyu take, amma kocinmu ta fara kallonta tana kallona. Makon jiya ta ce za ta gwada mu a kan kujera ta biyar. Yadda ake yi, a sa jirage biyu su yi tsere, ni a ɗaya ita a ɗaya, sannan a musanya mu a sake, a ga wadda jirgi ya fi gudu da ita. Sau huɗu muka yi. Na ci ta da daƙiƙa ɗaya da ɗan wani abu.

A zagaye na uku na ji wani abu a gefen ƙirjina na hagu kamar an soka mini tsinke. Dama ya kwana biyu yana mini ciwo. Na cije na gama. Ban je asibitin makaranta ba, don labari zai kai wa koci kafin in fita daga ƙofa. Wani likita na gani a nan Bronx. Ya ɗauki hoto ya ce haƙarƙarina ɗaya ya tsage, yawan ja ne ya jawo, kuma babu magani sai hutun mako shida. Baba, saura kwana goma sha takwas.

Idan na faɗa, an cire ni, Nimatu ta hau kujerata. Tana da shekara biyu a gaba, ni ba ni da ko ɗaya. Haka nake ta faɗa wa kaina. Ina shan maganin ciwo, ina ɗaure wurin da bandeji a banɗaki. Tari da dariya ne suka fi wahala, kuma kwanakin nan ba na yawan yin ko ɗaya.

Ranar da aka yi gwajin, a jirgin ƙasa muna komawa gida, Nimatu ta zauna kusa da ni. Can ta dafa gwiwata ta ce da Turanci, na ci ta da gaskiya, kuma ta ji daɗi da ni ce ba wata ba. Da muka isa, Hajiya ta riga ta ji. Ta zuba mini shinkafa da wake, ta ɗora mini ƙwai biyu, ta ba 'yarta ɗaya. Ta ce, "Wanda ya ci, shi za ya ja mu duka. Ci ka ƙoshi."

Na ci. Ban san me nake so ka ce mini ba. Na dai kasa riƙe shi ni kaɗai.

'Yarka,
Bege

Kafanchan
26 ga Afrilu, 1994

Bege,

Ina gaishe ki. Yau da hantsi wasiƙarki ta zo, kuma ban tashi daga kujera ba sai da na ɗauki biro. Na lissafa kwanaki, na san da wuya wannan ta same ki kafin Asabar. Na je gidan waya ko zan sami layi, sun ce ya lalace tun makon jiya. Duk da haka zan rubuta.

Kin san na bar aiki a 1984, an yi mini walima, an ba ni agogon bangon nan da ke falo. Ba ki san abin da ya faru shekara ɗaya kafin nan ba. Mahaifiyarki ma ba ta sani ba.

Tun 1981 idona ya fara yana. Da rana ina gani, amma da almuru fitilun sigina sukan zama mini kamar an shafa musu man shanu. Da na faɗa, da an sauke ni daga inji, ga shi saura kaɗan in cika shekaruna. Sai na yi shiru. Ina da mataimaki, Tamimu, mutumin Darazo, mai mata da 'ya'ya uku. Na riƙa cewa ya kira mini kowace sigina da ƙarfi, wai ina koya masa aiki. Shekara biyu da idonsa nake tuƙi, bai sani ba.

Wata rana da almuru muna shiga tasha, ya sunkuya yana duba wani abu a ƙasa. Na ga fitila, na ɗauka ta ba ni hanya. Ja ce. Muka daki taragun kaya da ke tsaye. Ba a yi asarar rai ba, ni ko ƙwarzane ban yi ba, amma ƙafar Tamimu ta dama ta murƙushe, daga baya aka yanke ta. Da aka zo bincike, aka tambaye ni ko ya kira siginar. Na ce bai kira ba. Gaskiya ce, kuma ita ce ƙaryar da ta fi kowace girma da na taɓa yi. Aka ɗora masa laifin sakaci. Ya koma garinsu. Ni kuwa na nemi aikin ofis na shekara guda, na yi ritaya da mutunci, na je Kano aka cire mini yanar.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ban neme shi ba.

Ba tsoron haƙarƙarinki nake ji ba, ƙashi yana ɗinkewa. Amma mutum takwas za su shiga jirgin nan suna zaton lafiyarki ƙalau, ta tara kuma tana tsaye a gefe tana zaton ita ce ta gaza. Ki je ki faɗa wa kocinku. Idan ta ce ki tuƙa a haka, to da saninsu ne.

Idan kuma wannan ta zo a makare, ki sani ba daga sama nake yi miki magana ba.

Mahaifinki,
Hezekiya

St. George, Staten Island
1 ga Mayu, 1994

Yaya Hezekiya,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ka ce in je in gani, to na je, ga rahoto.

Na musanya aikina da wata, na hau ferin safe. Bege ta ce in tsaya a kan gadar 207th Street, daga nan ake ganin ƙarshen tseren. Ina isa na ga wata mata doguwa da mayafi ruwan goro, ta riƙe fulas da kofuna. Ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Kai ne goggon Bege. Goshinku ɗaya." Hajiya Sauda ke nan. Na zo da maganganu a bakina, amma ta miƙo mini koko mai zafi, iska kuma tana yanka kunne, sai na karɓa na sha. Yaya, matar kirki ce. Na janye abin da na ce.

Jirgi na biyu aka fara saki, wanda 'yarta ke ciki. Suka ci da tazara mai yawa. Hajiya ta yi ta guɗa har Turawan da ke gefenmu suka shiga tafa mata.

Sannan aka saki su Bege. Da farko ba ka ganin komai sai ɗigo biyu can nesa. Da suka matso sai ka ga kamar shanshani biyu a kan ruwa, ƙafafu na tashi tare suna sauka tare. Ban san lokacin da na fara ihu ba, ni da na ce wasan banza ne. Namu ne a gaba da kusan rabin jirgi. Na ƙirga daga baki na gano ta, ita ce baƙa ɗaya a ciki, ba wuyar gani.

Saura kaɗan su shigo ƙarƙashin gadar, sai na ga filafilinta ya nutse bai fito ba. Ƙotar ta dake ta a ƙirji, ta kwantar da ita rigingine a kan ƙafafun ta bayanta. Jirgin ya karkace ya kusa tsayawa cik. Kafin ta tashi ta kamo ƙotar, waɗancan sun zo sun wuce. Suka ci gaba da ja, har da ita, amma an gama. Wani dattijo a gefena ya ce abin yakan faru da kowa, wai suna ce masa kama ƙaguwa.

Muka sauka bakin ruwa. Ba wadda ta zage ta. Suna kuka suna rungumarta. Nimatu ce ta cire mata takalmi, ta lulluɓe ta da rigar sanyinta, ta ɗauki jakarta.

Ni kuwa shekara goma sha tara ina aikin nas. Na ga yadda take jan numfashi rabi-rabi. Na ja ta bayan rumfa na ɗaga rigar. Yaya, bandeji na gani, an naɗa shi da kyau, kuma fatar ƙarƙashinsa ta yi sawun ɗauri na kwanaki. Wanda ƙota ta daka yanzu-yanzu bai zo da bandeji daga gida ba. Na ce, "Tun yaushe?" Ta ce, "Goggo, don Allah." Na sauke rigar. Ban ce komai a gaban Hajiya ba, ba ni na kar zomon ba. Na kai ta asibiti, yanzu haƙarƙari biyu ne, amma huhu lafiya.

Na ce ta biyo ni gida, ta ce a'a, can za ta koma. Ina tambayarka tsakani da Allah: ka san da wannan?

Ƙanwarka,
Hosanna

Grand Concourse, Bronx
15 ga Mayu, 1994

Babana,

Ina gaishe ka, ina gaida Mama. Wasiƙarka ta iso ranar Alhamis, kwana goma sha biyu bayan tseren. A tsaye na karanta ta a gaban akwatin wasiƙu, sannan na zauna a kan matakala na sake karantawa. Zan zo kanta. Bari in fara da abin da ya faru.

Goggo ta ba ka labarin abin da aka gani daga gada. Daga ciki kuwa, tun rabin hanya hannuna na hagu ya daina jin maganata. Kowane ja sai in ga wuta. Na ji mai igiya tana ihu cewa muna gaba, saura ja talatin. Na kasa ɗaga filafilin daga ruwa a kan lokaci, shi ke nan. Ba tsautsayi ba ne. Tun daga gida na taho da shi.

Kwana huɗu kowa yana lallashina. Koci ta ce in daina zargin kaina. Hajiya ta hana ni ɗaukar ko cokali. Ranar Laraba da yamma ta dawo daga kasuwa da man kaɗanya, ta ce in kwanta ta shafa mini. Nimatu tana zaune a ƙasa tana riƙe da kwalbar. Hajiya tana shafawa tana cewa, "Sannu, sannu. Allah ya isa tsakaninka da wannan sanda." Sai na ji ba zan iya ba. Na tashi zaune na ce, "Hajiya, ba sandar ba ce. Tun ranar gwaji ya tsage. Na sani, likita ya faɗa mini, na ɓoye."

Nimatu ta tambaye ni da Turanci, "Tun ranar da muka dawo tare a jirgi?" Na ce e. Ta ce, "Lokacin da nake ce miki kin ci ni da gaskiya?" Na ce e. Ta ajiye kwalbar a hankali, ta ɗauki makullinta ta fita.

Hajiya ta daɗe tana goge hannunta da zani. Can ta ce, "Kofi ba komai ba ne. Amma yarinyar nan kwana uku ba ya cin abinci, yana cewa shi bai iya ba, za ya bari. Ni na ce masa ya yi haƙuri, wanda ya fi ka ya fi ka. Kana ɗakin nan kana ji." Na ce zan kwashe kayana in koma wurin Goggo. Ta ce, "Ba inda za ka. Babanka ya yi mini godiya a takarda. Ka gama makaranta tukuna." Har yau tana zuba mini abinci, amma ta daina kirana daga kicin. A kan tebur nake tarar da shi a rufe.

Washegari da safe na je rumfa, na faɗa wa koci da sauran a tsaye, kafin su ɗauki jirgi. Ba wadda ta ɗaga murya, da ma sun ɗaga. Wadda ke kujera ta shida, ita ma bana take gamawa, shekara huɗu ina kallon bayanta, ta ce, "Ni ma na ƙarshena ke nan, Bege."

Jiya aka gama babbar gasar ƙarshen shekara a Philadelphia. Na roƙi koci ta bar ni in bi su a bas, ta ce in ga dama. Nimatu ce a kujera ta biyar. Mako biyu kawai suka samu su saba da ita, suka zo na huɗu a zagayen kusa da ƙarshe, ba su kai ga na ƙarshen ba. Aikina shi ne tattara takalmansu a kwando idan sun shiga jirgi, in jira su da shi. Da suka dawo na miƙa wa kowa nata. Nimatu ta karɓa, ta ce ta gode. Ita ce magana ta farko cikin kwana goma, kuma ba a yi ta biyu ba tukuna. Gadonta yana nan kusa da nawa.

Game da wasiƙarka. Na yi ta tambayar kaina, da ta zo a kan lokaci, da na bi ta? Ina so in ce e, amma ban sani ba, Baba. Na yi fushi da kai na kwana ɗaya, ban ma san dalili ba. Yanzu ya wuce. Ba zan faɗa wa kowa ba. Tun ina ƙarama nake goge agogon nan duk Asabar.

Saura jarrabawa biyu. Ina barci da yawa, amma gajiyar ba ta tafiya.

'Yarka,
Bege

Kafanchan
2 ga Yuni, 1994

'Yata Bege,

Ina gaishe ki, ina yi miki murnar gama karatu. Ki gaida goggonki, ki ce amsarta ita ce e, na sani, zan kuma rubuto mata dabam.

Ba ni da hukuncin da zan yanke miki. Kada ki matsa wa yarinyar nan ta yafe miki don ke ki sami sauƙi. Ki zauna kusa, ki bar ta da lokacinta.

Shekaranjiya na zaunar da mahaifiyarki na faɗa mata komai. Yau da safe ta ɗaure mini gari da busasshiyar kuɓewa a buhu, ta ce ba a zuwa gidan mutane hannu wofi.

Gobe zan shiga motar Bauchi, daga can in nemi ta Darazo. Ban san unguwarsu ba, ban san ko yana raye ba. Ki sa ni a addu'a.

Mahaifinki,
Hezekiya